Me ya sa zakarun damben shuri na Japan ba sa yin nisa idan sun koma resilin?

Auta_Mai_Tambaya:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san resilin ɗin Japan, wanda su can suke kira puroresu. Akwai wani ɗan damben naushi da shuri, Yuichiro Nagashima, da ake yi wa laƙabi da Jienotsu, wanda yake shigowa fili da shigar 'yan wasan katun. A 2010 ya ci gasar damben naushi da shuri ta K-1 ta Japan ta 'yan kilo 70, a ƙarshen shekarar ya sumar da Shinya Aoki, gwanin dambe gauraye da kokawar ƙasa, sai kuma a 2011 aka ji ya shiga resilin.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutumin da yake kwantar da ƙato da gaske, ai kamata ya yi resilin ya zo masa da sauƙi, tunda can an riga an tsara wanda zai ci. Amma sunansa a resilin bai kai ko rabin wanda ya yi a dambe ba. To me ya kai shi tun farko? Kuma mene ne yake ba irinsu wuya, sassauta shurin ne ko wani abu dabam? Don Allah a warware min dalla-dalla.

Baba Na-Dandali:

Wa alaikumus salam, Auta. Bari in fara da abin da ya kai shi, don amsar tana cikin aljihu. Kamfanin FEG, wanda yake shirya K-1 da gasar dambe gauraye ta DREAM a lokacin, ya shiga matsalar kuɗi tun wajen 2010. 'Yan wasa da dama sun fito fili suna cewa suna bin kamfanin ladan wasanninsu, gidajen talabijin suka ja baya, a 2012 kamfanin ya durƙushe. Mutum yana ganiyarsa, sunansa yana bakin kowa, ga rumfar da ya yi sunan a cikinta tana faɗuwa. Dole ya nemi wata inuwar. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kyotaro Fujimoto, wanda ya ɗauki kambun K-1 na 'yan kilo 100 a Yokohama a Maris ɗin 2009 bayan ya doke Melvin Manhoef da Gokhan Saki a dare ɗaya, shi ma ya leƙa resilin a kamfanin All Japan a 2011. Bai zauna ba, a ranar ƙarshe ta wannan shekarar ya fara damben boksin, ya zama zakaran masu nauyi na Japan a 2013.

Shi Nagashima yana da abin da masu shirya resilin suke so. A gasar 27 ga Maris 2010 a Saitama wasa uku ya yi a dare ɗaya, duka ukun bai bari an kai ga ƙirga maki ba, na ƙarshen da Hiroki Nakajima. Sai wasan Aoki na 31 ga Disamba, wanda aka raba dokokinsa biyu: turmin farko minti 3 na naushi da shuri, na biyu minti 5 na dambe gauraye da kokawar ƙasa. Aoki ya cinye turmin farko da guje-guje da riƙe-riƙe da tsallen shuri da ƙafa biyu don lokaci ya tafi, 'yan kallo suna ta yi masa ihu. Ana buga ƙararrawar turmi na biyu ya sunkuyo zai ɗauki ƙafa, gwiwar Nagashima ta tare shi a fuska. Daƙiƙa 4. Wannan daren ne ya sa har waɗanda ba sa kallon dambe suka san shi.

Wasansa na farko a resilin ya zo ranar 5 ga Mayu 2011 a zauren Korakuen da ke Tokiyo, da Kohei Sato na kamfanin resilin na ZERO1, a wani taro da kamfanin Bushiroad ya shirya. Bushiroad katunan wasa suke sayarwa, masu sayen kayansu kuwa su ne masu son katun, ka ga shigar Nagashima ta zo musu daidai wa daida. Kamfanin nan ne ya sayi New Japan, babban kamfanin resilin na Japan, a farkon 2012.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Na farko nauyi. A New Japan duk wanda bai kai kilo 100 ba ƙaramin nauyi ake ce masa. Ɗan kilo 70 a cikin maza 'yan resilin ɗan tsako ne. Sato ya haura santimita 190, ya haura kilo 100. Idan ɗan dambe yana son ya zauna a resilin sai ya ƙara kilo 10 zuwa 20 na tsoka, musamman a wuya da baya da ƙirji, don su ne katifar da zai riƙa faɗawa a kai. In ya ƙara kuma, ba zai sake hawa sikeli a kilo 70 ba sai da azaba. Nagashima bai bar damben ba, ya riƙa haɗa biyun, taura biyu kuwa ba sa taunuwa lokaci guda.

Na biyu, kuma mutane suna mantawa da shi: makamin Nagashima hannu ne, ba ƙafa ba. Daga Nippon Kempo ya taso, miƙaƙƙen naushinsa ne yake kayar da mutane. A dokar puroresu kuwa dunƙulallen hannu a fuska laifi ne, alƙali zai tsawatar. Abin da aka yarda da shi gwiwar hannu da damtse da mari da saran gefen tafi a ƙirji. Wato ya shigo an riga an karɓe masa abin da ya fi iyawa.

Malam Mai Horo:

Baba ya gama da batun kuɗi da nauyi. Ni zan tsaya a kan jiki, don a ganina sassauta shuri shi ne mafi sauƙi a cikin abin da zai koya. Abin da yake kayar da su shi ne karɓa, ba bayarwa ba.

Fara da dandamalin kansa. Tsawonsa wajen mita 6 ne kowane gefe: ƙarafa a ƙasa, katakai a jere a kai, siririyar tabarmar roba, sai tamfol. Yana ɗan lotsawa a tsakiya, gefe-gefe kuwa kusan babu sassauci. Igiya uku ce, ba huɗu irin ta dambe ba, kuma a Japan wayar ƙarfe ce aka sa wa rigar roba. Sabon shiga yakan yi makonni da shatar igiya a haƙarƙari kafin ya iya karɓarta da faɗin bayansa, hannun dama a kan ta sama. In ya zo mata a sunkuye, kansa yana iya zamewa ta ƙarƙashinta ta maƙe masa wuya.

Sai ukemi, wato iya faɗuwa. Ta rigingine ita ce uwa. Haɓa a manne da ƙirji, ido a kan cibiya. Ƙafafu su tashi sama. Faɗin baya, tsakanin allunan kafaɗa, shi zai fara taɓa ƙasa. Hannaye biyu su mari tamfol da tafi a daidai wannan lokacin, a ɗan buɗe daga jiki, ba a manne ba, ba kuma a miƙe daidai kafaɗa ba. Numfashi ya fita tare da faɗuwar. Kowanne aka saɓa yana da hukuncinsa. Haɓa ta saki, ƙeya ta bugu, ƙwaƙwalwa ta girgiza. Kwankwaso ya riga baya sauka, sai kai ya fizgo baya kamar bulala. Gwiwar hannu ta fara sauka, ta kumbura ko ta tsage. Aka riƙe numfashi, sai ya ɗauke na wasu daƙiƙu mutum yana kwance yana haki. Mafi yawan rauni kuwa daga miƙa hannu baya ne don a tare ƙasa: wuyan hannu ya karye ko kafaɗa ta goce.

To ɗan dambe ya shekara goma yana koya wa jikinsa cewa taɓa ƙasa asara ce. A dokar K-1 faɗuwa uku a turmi ɗaya an gama da kai, a gasar dare ɗaya ma biyu ce. Saboda haka da zarar ya ji zai tafi ƙasa, jikinsa yakan sandare, ya murɗa, ya miƙa hannu, ba da saninsa ba. Cire wannan ɗabi'a ya fi koya wa wanda bai san komai ba wuya. Ana farawa daga tsugune, sai daga tsaye, sai da tsalle, sai da alkafura, sannan a zo ta rub da ciki da ta gefe. A manyan gidajen horo sabon yaro yakan yi wata 6 zuwa shekara kafin a bar shi gaban jama'a, kullum yana tsuguna-tashi ɗari biyar ko fiye, yana yin gada da wuya, goshi ko tsakar ka a ƙasa, don tsokar wuya ta yi kauri. Shahararren ɗan dambe kuwa sau da yawa gajeren horo ake yi masa saboda an riga an buga ranar wasa a jikin fosta. Nan ɓarakar take.

Kada a ɗauki wannan da wasa. Mitsuharu Misawa, wanda duk Japan ta yarda babu kamarsa a ukemi, ya rasu a Hiroshima ranar 13 ga Yuni 2009 bayan an ɗaga shi an kayar ta baya, wuyansa ya samu matsala. Shinjiro Otani, jagoran ZERO1 ɗin da muke magana, ya samu rauni a lakar wuya a Afrilun 2022 a zauren Ryogoku da ke Tokiyo. Waɗannan ƙwararru ne na shekaru da yawa.

Akwai kuma ba da jiki. Duk ɗagawar da ka gani aikin mutum biyu ne. Wanda za a ɗaga yakan lanƙwasa gwiwa tare da mai ɗagawa, ya yi tsalle a kan lokaci, ya dafa cinyarsa ko kafaɗarsa don ya rage masa nauyi. Ɗan dambe kuma an horar da shi in an rungume shi ya sauke ƙugu ya yi nauyi kamar buhun gishiri. In ya yi haka a resilin, ɗagawar takan tsaya a rabi, ya sauka a ka maimakon a baya.

Yanzu shurin. A dambe ana juya ƙafar tsayuwa a kan yatsu, ƙugu ya juyo gaba ɗaya, kaifin ƙwauri ya ratsa, kamar ana nufin wani abu da yake bayan mutumin. Wuraren da ake nema: hanta a dama ƙarƙashin haƙarƙari, cinya dab da gwiwa, muƙamuƙi, gefen kai. A resilin duk waɗannan wuraren haramun ne, har da ƙoda da saifa da ƙashin baya. Ana dukan faɗin ƙirji sama da nono, faɗin baya gefen ƙashin tsakiya, da tsokar cinya ta waje can sama. Ƙugu ba ya ƙarasa juyawa. Ana shimfiɗa ƙwauri da bayan ƙafa su sauka tare, don ƙarfin ya bazu a wuri mai faɗi kuma ƙara ta tashi. Matashin ƙwaurin nan da suke ɗaurawa daga gwiwa zuwa bayan ƙafa, wanda ya yaɗu tun zamanin kamfanin resilin na UWF da ɗan wasansa Satoru Sayama a 1984, yana taimakawa a duka biyun. Wanda za a shura shi ma yana da aiki: ya buɗe ƙirji, ya ɗaure tsoka, ya ɗaga haɓa ya kawar da ita, ya janye hannaye. In ya tsorata ya sunkuya, abin da aka nufa da ƙirji sai ya samu maƙogwaro ko haƙora.

Na ƙarshe, fuska. Ɗan dambe yana ɓoye niyyarsa, yana ɓoye ciwonsa, yana rufe fuska da safar hannu. Ɗan resilin dole abokin wasansa ya ga dukan tun yana tahowa, na kujerar ƙarshe ma ya gani. In an doke shi ya nuna, ya riƙa tuna ƙafar da aka yi wa aiki har ƙarshen wasa. Za ka ga tsohon ɗan dambe an kayar da shi da babban kaye, ya miƙe zumbur cikin daƙiƙa biyu ya gyara tsayuwa. Ya kashe kayen ke nan, ya kuma zubar da mutuncin wanda ya yi shi.

Auta_Mai_Tambaya:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. To in haka ne, babu wanda ya haɗa biyun ya yi nasara ke nan? Na ji ana ambatar wata mace, Syuri, wai zakarar damben shuri ce kafin ta zama ta ɗaya a Stardom, kamfanin resilin na mata.

Yaya Mai Kundi:

Ƙanina, akwai gyara kaɗan a abin da ka ji, kuma gyaran shi ne amsar tambayarka. Syuri Kondo ba daga dambe ta shigo resilin ba. Karate ta yi tun tana yarinya, ta fara resilin a kamfanin Hustle a Oktoban 2008 da sunan KG, sannan ta bi ɗan resilin Tajiri zuwa kamfanonin Smash da WNC. Tana cikin resilin ɗin ne ta shiga damben shuri na gaske, ta zama mace ta farko da ta riƙe kambun Krush a 2014. Wato ukemi ta riga ta zauna mata a jiki shekaru kafin ta ɗaura safar dambe a matsayin sana'a. Abin da Malam ya ce yana da wuyar cirewa, ita bai taɓa shigarta ba.

Daga nan ta koma dambe gauraye a 2016, ta ɗauki kambun gasar Pancrase a 2017, ta shiga UFC, babbar gasar dambe gauraye ta Amurka. A can wasa huɗu ta yi: ta ci na farko a Saitama a Satumban 2017, ta faɗi uku. A ɗaya daga cikinsu Poliana Botelho ta gama da ita cikin daƙiƙa 33, farkon abin kuwa shuri ne a ciki. Na kawo wannan ne don a ga ta san ɗanɗanon shurin gaske ta ɓangaren mai karɓa, kuma ina ganin shi ya sa nunin ciwonta yake shiga rai.

Ta shigo Stardom a Janairun 2020 a cikin tawagar 'yar resilin Giulia. Wasan da ya kamata ka nema shi ne nata da Utami Hayashishita na 12 ga Yuni 2021. Minti 30 suka cika babu wadda ta ci, aka ƙara lokaci, aka tashi a minti 43 da daƙiƙa 19 duka biyun suna kwance sun kasa amsa ƙirgen alƙali. Kwatanta da wasan K-1: turmi 3 na minti 3, hutun minti ɗaya a tsakani. Numfashin minti 9 da na minti 43 ba ɗaya ba ne. Na farko ƙonewa ne gaba ɗaya. Na biyu sai ka san inda za ka huta ba tare da 'yan kallo sun gane ba, galibi a cikin riƙon ƙasa ko lokacin da aka faɗa waje ana ƙirga 20. Ta ɗauki babban kambun Stardom a hannun Utami ɗin a Ryogoku ranar 29 ga Disamba 2021, ta riƙe shi shekara guda cur.

In ka kalli wasan, lura da ƙafarta ta tsayuwa. A shurin ƙirji da na baya ba ta ƙarasa juya dunduniya. A shurin kai na gamawa, wanda ta gada daga Tajiri, takan tsaya ta ja numfashi abokiyar wasa tana durƙushe. Wannan tsayuwar ta 'yan kallo ce, ta abokiyar ce kuma, don ta saita kanta ta ɗaga hannu kusa da kunne.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne yawan aiki. Ɗan dambe yakan yi wasa 3 zuwa 5 a shekara, kowanne da makonnin shiri da makonnin jinya. Cikakken ɗan resilin a babban kamfani yakan haura wasa 100, yau wannan gari gobe wancan a cikin bas. Ba a koyon sauraron 'yan kallo a ɗakin horo, sai a waɗannan ƙananan wasannin. Wanda yake zuwa sau biyar a shekara a matsayin baƙo na musamman ba zai taɓa samun wannan ba, kome ƙarfinsa.

Baba Na-Dandali:

Gyaran Mai Kundi daidai ne. In ana neman wanda ya fara da duka sannan ya daɗe a resilin, a duba Mitsuya Nagai. Daga Shoot Boxing ya fito, wasan da Caesar Takeshi ya kafa a 1985, ya bi ɗan resilin Akira Maeda zuwa kamfaninsa na RINGS a 1991, ya gwada K-1, sannan ya shiga Battlarts da All Japan, inda ya riƙe kambun All Asia na 'yan biyu-biyu da Masahito Kakihara a 2001. KENTA ma ya yi damben shuri na sha'awa, amma ya shiga All Japan a matsayin yaron gida, ya yi wanki da shara da girki kamar kowa kafin wasansa na farko a 2000.

Sai dai Malam, ban yarda gaba ɗaya cewa shurin ne mai sauƙi ba. Sauƙinsa yana nan muddin hankali yana kwance. Ranar 19 ga Nuwamba 1987 a Korakuen, Riki Choshu yana riƙe da wani a ƙasa, hannayensa duka a cike, Maeda ya zagayo ya shure shi a fuska, ƙashin kwarmin idonsa ya karye. New Japan ta dakatar da Maeda, a 1988 suka rabu. Matashin ƙwauri ba ya hana irin wannan. Ɗan dambe in ya gaji, ko aka mare shi da zafi ya ji jiri, ƙafarsa takan koma abin da ta saba, ƙugu ya juyo duka.

Malam Mai Horo:

Na karɓa, Baba. Shi ya sa ake haɗa sabon shiga irin wannan da tsohon hannu mai jiki, wanda zai iya shanye kuskure, kamar yadda aka ba Nagashima Sato. Kuma shi ya sa wasan farko ba ya wuce minti 10 zuwa 15, kafin gajiya ta kawo abin da ka faɗa. Alƙali ma akan zaɓi gogagge. In duka ya sauka inda bai kamata ba, yakan durƙusa kamar yana duba kafaɗa, ya kama hannun wanda yake kwance ya matsa. In an matso masa, wasa ya ci gaba. In hannun ya saki, ko ido ya tsaya wuri ɗaya, yakan shiga tsakani ya tura ɗayan kusurwa, ya fara ƙirga goma a hankali yana kallon likitan da yake zaune gefen dandamali.